Tsohuwar Fijo wagon ba ta ja: ina ƙarfin ya tafi, ta ina kuma ake ƙaro shi?

Duk wanda ya taɓa riƙe sitiyarin Peugeot 504 wagon, wadda muke kira Fijo, fasinja cike, kaya a but har saman kariya, ya san abin da zan faɗa. Ka fito daga bayan tirela za ka wuce, ka take totur har ƙasa, inji ya ɗauki kuka, amma motar kamar an ɗaure ta a turke. Ga wata can tana tahowa tana maka fitila. Sai ka koma bayan tirelar kana salati. A irin wannan rana ce mutum yake rantsuwa sai ya ƙara wa motar nan ƙarfi, ko nawa zai ci.

Tawa ta gado ce, mahaifina ya bar mana ita, kuma ni ma na yi wannan rantsuwar. Ƙannena da suka saba kallon YouTube suka dinga zuga ni da bidiyon Amurkawa masu cusa manyan injuna a tsofaffin wagon ɗinsu. Abin yana burgewa, amma lissafinsu daban ne. Buick Roadmaster wagon ta 1994 zuwa 1996, misali, tun daga kamfani ta fito da inji mai silinda 8, lita 5.7, ƙarfin doki 260, ga gida mai faɗi da zai ɗauki duk abin da aka cusa masa. Fijo ba haka aka gina ta ba, kuma wanda bai fahimci yadda aka gina ta ba kuɗinsa kawai zai zubar.

An fara fitar da 504 a Faransa a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, wagon ɗin kuma ta biyo baya a farkon shekarun 1970. An tsawaita ta: tsakanin tayar gaba da ta baya mita 2.90 ne, salun kuwa 2.74. Aka ba ta aksul ɗin baya guda mai ƙarfi da sifirin huɗu domin ɗaukar lodi. Masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci a 1975, ta kuma ci gaba da fitar da 504 har wajajen 2006, shekaru sama da 20 bayan Faransa ta daina yin salun ɗin. Shi ya sa har gobe ba a rasa kayanta a Ƙofar Ruwa ko Panteka, kuma daga Kano zuwa Maraɗi da Damagaram da wuya ka rasa makaniken da ya san cikinta.

Injin fetur da aka fi sani a cikinta shi ne mai lita 2, wato cc 1971, silinda huɗu, da kafireto. Sabo fil yana ba da ƙarfin doki 93 zuwa 96, gwargwadon shekarar da aka yi shi. Motar kuma ba kowa a ciki tana kusan kilo 1,300.

To ga inda lissafi yake fara magana. Raba doki 95 ga tan 1.3, kowane tan yana da doki 73 da ke jan sa. Yanzu loda ta irin lodin tasha: mutum tara har da direba, a ce kowa kilo 65, ga buhuna da jakunkuna kilo 200. Ta haura tan 2. Dawakin nan 95 ba su ƙaru ba, sai kowane tan ya koma da 45. Idan kuma injin ya gaji, a ce doki 70 ne suka rage masa, to 33 ke nan. Ƙasa da rabin abin da direban ya ji ranar da ya gwada ta ba lodi. Saboda haka kafin a taɓa ko noti ɗaya, a leƙa but. Na tarar da tsohon batir, da aksul shaf, da jak biyu, da rabin buhun siminti da ya daskare tun ban san yaushe ba. Ƙarfin da ya fi kowane araha shi ne nauyin da ka sauke.

Akwai kuma ruɗanin da ake yi tsakanin abubuwa biyu. Ɗaya shi ne ƙarfin murɗawa, wanda direbobi ke nufi in suka ce mota "tana ja". Ɗaya kuma ƙarfin doki, wanda ba komai ba ne illa wancan ƙarfin murɗawar idan aka ninka shi da saurin juyin inji. Injin 504 yana kai ƙololuwar jansa ne a wajajen juyi 3,000 a minti, dawakinsa 95 kuwa ba sa cika sai ya haura juyi 5,000. Wa yake tuƙa wagon cike da iyali a juyi 5,000? Rayuwar motar gaba ɗaya tsakanin 2,000 da 3,500 take. Bambancin dokin sukuwa da san huɗa ke nan, kuma mota mai nauyi sa take buƙata. Duk gyaran da zai ƙara doki a can sama ya rage ja a nan ƙasa, a takarda riba ne, a kan hanya asara.

Ranar da na kai ta gareji, wurin wani dattijo da ya tsufa a kan Fijo, na ce masa, "Baba, so nake a sauke injin nan a sa na 505."

Bai amsa ba. Ya buɗe bonet, ya cire tukunyar filtar iska, ya ce, "Ɗan nan, shiga ka taka totur har ƙasa, kada ka tayar da ita." Na taka. Ya ce in fito in bar yaronsa ya taka, ni in leƙa. Kafireton maƙogwaro biyu gare shi, na farko yana aiki kullum, na biyu kuma ba ya buɗewa sai an taka sosai. Na farkon ya buɗe amma bai miƙe ba, domin wayar totur ta saki. Na biyun ko motsi bai yi ba. Wani ya ɗaure shi da wayar ƙarfe, ga alama tun shekaru, wai don rage shan mai. Baba ya warware wayar da filaya, ya miƙo min, ya ce, "Ga injin 505 ɗinka."

Wannan ya koya min abin da nake ganin shi ne gaskiyar yawancin tsofaffin motocin nan: ƙarfin da ake cewa a ƙaro, tun farko akwai shi, zubewa ya yi a hanya kaɗan-kaɗan. Inji famfon iska ne. Kafin ya ƙona lita ɗaya ta fetur yadda ya kamata sai ya shaƙi iska kusan lita 9,000, domin a ma'aunin nauyi kowane kilo na fetur yana neman kilo 14.7 na iska. Fetur ba wuyar ƙarawa, kowa zai iya buɗe jet. Iskar ce ke da wuya. Shi ya sa makaniken da ya faɗaɗa maka jet da allura bai ƙara maka komai ba sai baƙin hayaƙi, da filogi mai kunkunniya, da fetur da ke wanke baƙin mai daga jikin silinda yana cinye ringi.

Wuraren da ƙarfi ke zubewa sanannu ne. Filtar iska da ƙurar hunturu ta toshe. Bawul da ba a saita ba: a wannan injin, in yana sanyi, ratar na shiga milimita 0.10 ce, na fita 0.25, kuma bawul ɗin da ya matse ba ya rufuwa ruf, sai matsi ya tsere, daga baya bakinsa ya ƙone. Sai distributa, mai raba wa filogi wuta a kan lokacin da ya dace (abin da ake kira taimin), wadda ita ce aka fi zalunta. A cikinta akwai wasu ƙananan ƙarafa biyu da sifirin da ke buɗewa in inji ya ɗauki sauri, su sa wuta ta riƙa zuwa da wuri, ga kuma wata 'yar roba da iskar manifol ke ja. In ƙarafan suka yi tsatsa suka maƙale, ko robar ta fashe, motar za ta yi silo lafiya lau a gareji, makanike ya ce taimin daidai yake, amma a kan hanya wutar tana makara, mota ta mutu a ƙafa, inji ya riƙa zafi ba dalili. Saita taimin da kunne ba ya kama wannan, sai da fitilar taimin ana ba ta wuta ana kallo. Masu cire kwantak, wato ƙarafan da ke buɗewa da rufewa a cikin distributa, su sa na lantarki sun yi dabara, amma a san abin da aka saya: ba ya ƙara doki, hana su gudu yake yi, tunda babu abin da zai goge taimin ya goce bayan wata biyu. Haka nan birki da ke kamawa, da taya maras iska, da salansa da ta ruɓe ta ciki ta toshe.

Bayan waɗannan sai a auna matsi. Akwai agogon da ake ɗaurawa a ramin filogi, minti goma ya isa a auna silinda huɗun. In bambancin da ke tsakaninsu ya wuce kashi 10 cikin 100, ko duk sun yi ƙasa, to babu kafireton da zai cece ka. A nan Fijo ta yi wa mai ita gata, domin silindarta silif ne da ake zarewa, ruwa na zagaya shi kai tsaye. Ba sai an kai bulok an rarake ba, a sayi silif da fiston da ringi saiti guda a zuba, inji ya koma yaro. Sai dai aikin yana son hannu mai natsuwa. Dole bakin kowane silif ya ɗan fito sama da fuskar bulok daidai gwargwado, duk huɗun su yi kai ɗaya, in ba haka ba gaskit zai ƙone komai kyansa, ka wayi gari ruwa ya haɗu da baƙin mai ya zama kamar kunu.

Akwai asarar da ba laifin kowa ba ce, ya kamata a san da ita don kada a zargi makanike. Iska mai zafin digiri 45 ta fi mai digiri 20 rashin kauri da kusan kashi 8 cikin 100, kuma wadda ke ƙarƙashin bonet ta fi ta waje zafi. Tudu ma haka: inji maras tabo (turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska) yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 a duk mita 300 da aka hau. Jos tana kan tsayin mita 1,200 ko sama da haka, wato doki 95 sun koma wajajen 84 tun ba a yi maganar lodi ba. Tudu ba ka da yadda za ka yi da shi. Zafi kuwa, ko bututun da ke kawo wa filta iska daga gaban mota ka mayar inda yake, ka rage hasara. Masu cire tukunyar filta su ɗaura wata 'yar buɗaɗɗiya mai sheƙi a kan kafireto, iskar manifol mai zafi suke ba injin, ga ƙura kyauta.

To, an dawo da abin da ya ɓata. In har yanzu bai ishe ka ba fa?

Tof silinda, wato kan inji inda bawul suke, shi ne wuri na farko. Gyaran mazaunin bawul da kyau, da goge kaushin da ke cikin hanyoyin iska ba tare da an faɗaɗa su ba, yana ba da riba ta gaske a kowane juyi. Sai maganar kankare fuskar tof don matsi ya ƙaru. Gaskiya ne matsi in ya ƙaru ja yana ƙaruwa, shan mai ma yana raguwa. Amma tof ɗin da ya shekara 30 ko 40 wataƙila an riga an kankare shi sau biyu ko uku bayan obahitin, ga fetur ɗinmu da ba kullum yake da inganci ɗaya ba. In matsi ya wuce abin da man zai jure, sai ka ji wata ƙara ƙas-ƙas a hawa, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Man ne ke fashewa da kansa maimakon ya ci a hankali, kuma yana iya huda kan fiston. Daga nan dole a ja taimin baya, abin da aka samu ya koma. Garin neman gira a rasa ido.

Salansa kuwa, ƙara ba ƙarfi ba ce. Bututu mai faɗi fiye da kima yana rage saurin fitar hayaƙi a ƙaramin juyi, wannan saurin kuma shi ke taimakawa wajen zuƙo sabuwar iska. A bar faɗin kusa da na asali, a tabbata dai hanya a buɗe take. Kamsha, wato sandar da ke buɗe bawul, irin ta tsere ita ce babbar asara a wagon: tana barin bawul a buɗe ya daɗe, inji ya yi numfashi a juyi 5,000 zuwa sama, amma silo ya lalace, tashi daga tsaye ya zama sai an ƙona kuloci. Kada a ruɗu da tarihin gasa. Ove Andersson ya ci Safari Rally a Kenya a 1975 da 504, Jean-Pierre Nicolas ya sake ci a 1978 da mai ƙofa biyu mai silinda 6, amma waɗannan mutum biyu suke ɗauka, da makanikai suna jiran su a kowane zango. Ɗora tabo a kan tsohon inji mai kafireto kuma, a zafin Sakkwato, ba zan ba maƙiyina wannan shawarar ba.

Abin da aka fi mantawa da shi, alhali ya fi yawancin waɗannan tasiri, shi ne giya. Kowane makanike ya san in noti ya ƙi kwancewa sai ya zura bututu a hannun sifana. Ƙarfinsa bai ƙaru ba, hannun ne ya yi tsawo. Aikin giyabos da aksul ke nan. A cikin aksul akwai haƙora biyu da ke ƙayyade sau nawa farfela za ta juya kafin taya ta juya sau ɗaya. A ce wata aksul 3.9 ce wata 4.2: ta biyun ta fi ja da kusan kashi 8 cikin 100 a kowace giya, ba tare da an taɓa inji ba, sai dai injin zai fi kuka a doguwar hanya. Tsofaffin motocin nan sun sha canje-canje a hannun masu su, ba mamaki haƙoran da ke cikin taka ba nata ba ne. Taya ma giya ce. Asalin wilinta inci 14 ne, wanda ya sa mata manyan tayoyi don ta yi kyau ko ta ɗaga daga ƙasa ya gajarta hannun sifanarsa da kansa. Haɗin da ya fi dacewa da mota mai nauyi a ganina shi ne aksul mai ja, tare da giyabos mai giya biyar irin na 505, ta yadda giya huɗun farko za su yi aikin lodi da hawa, ta biyar kuma ta sauke juyin inji a miƙaƙƙiyar hanya, mai ya yi auki.

Sai canjin inji gaba ɗaya, wanda da shi na fara zuwa gareji. Mafi sauƙi shi ne a tsaya cikin dangi. 505, wadda ta fito a 1979, ta zo da injuna iri-iri: akwai irin na 504 ɗin kansa, akwai mai lita 2.2 na GTI mai doki kusan 130, akwai mai silinda 6 lita 2.8 mai doki 170, akwai kuma na gas, wato dizal, mai tabo lita 2.5 mai doki 95. Dubi wannan na ƙarshen: dokinsa ɗaya da na fetur, amma jansa ya fi yawa kuma yana zuwa tun wajajen juyi 2,000, shi ya sa a ƙarƙashin lodi za ka rantse ya ninka shi. Amma ya fi nauyi a kan tayoyin gaba, yana son babban lagireto da babban batir, ba ya juyi da yawa don haka aksul mai ja sosai za ta sa shi ihu, kuma tunda injin gas ba ya samar da zuƙar iskar da ke taimaka wa birki, sai da famfonta na musamman. Wanda ya manta wannan zai taka birki ya ji kamar dutse.

Injin wani kamfani, irin na Toyota da ake saukewa daga Kwatano, ya fi wuya fiye da yadda ake faɗa a bakin gareji. Injin 504 a kishingiɗe yake, an karkatar da shi digiri 45 don bonet ya yi ƙasa, inji mai tsayuwa sosai yana iya tokare bonet ta sama ko ya ci karo da ƙarfen sitiyari ta ƙasa. Sannan farfelar Fijo a cikin wani bututun ƙarfe take wanda ya haɗe giyabos da aksul, kuma bututun nan yana cikin abin da ke riƙe aksul ɗin a mazauninta. In ka kawo baƙon giyabos, ba farfela kaɗai za ka yanka ba, sai ka sake tunanin abin da zai riƙe ƙafar baya. Ana yi, na ga waɗanda suka yi kyau, amma na ga waɗanda suka fi su yawa suna kwance a bayan gareji kaji na ƙwai a ciki. In an canja kuma, a je a gyara lambar inji a takardun mota.

Masu mayar da ita kan iskar gas ta CNG tun bayan cire tallafin fetur a 2023 su sani hanyar ta saɓa da neman ƙarfi. Gas ɗin yana cin gurbin iska a cikin silinda, ja yana raguwa da kashi 10 cikin 100 ko fiye, tukunyar kuma nauyi ce a but. Aljihu zai huta, amma wuce tirela zai ƙara nisa. Matsar da taimin gaba yana rage asarar, domin gas ya fi fetur jure matsi kuma ya fi shi jinkirin ci.

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin man da inji ya ƙona lagireto ne ke kwashe shi, ƙarin ƙarfi ƙarin zafi ne, tof ɗin Fijo kuma na alminiyam ne, obahitin ɗaya ya isa ya lanƙwasa shi. Al'adarmu ta cire tamostat da ɗaure fanka ta riƙa juyi kullum ɓoye ciwo ne. Fankar asali tana da maganaɗisun da ke kama ta sai in zafi ya kai, wadda aka ɗaure kuwa tana cin nata rabon daga ƙarfin da kake nema. A wanke lagireto ko a sake masa ciki mai layi da yawa, a duba famfon ruwa da murfi.

Gudu kuma tsada gare shi. Ƙarfin da ake buƙata don keta iska yana ninkuwa fiye da yadda gudun ke ƙaruwa: daga kilomita 140 zuwa 160 a awa sai an ƙara kusan rabin abin da ake kashewa a kan iskar. Birki ma haka, aikin da zai yi ya tsayar da mota daga 140 ya kusa ninka na tsayar da ita daga 100. Wagon kuwa faifai ne a gaba, ganga a baya, da wani ɗan bawul kusa da aksul da ke ƙara wa birkin baya ƙarfi gwargwadon lodi, wanda a motoci da yawa ya daɗe da maƙalewa ko an cire shi an jefar.

Tawa dai injinta na asali ne har yau. An zuba mata silif da fiston, an gyara tof ba a kankare ba, an wanke distributa an sa mata na lantarki, an mayar da tayoyi inci 14, aka samo giyabos mai giya biyar. Kuɗin da na tanada don injin 505 ya tafi a lagireto, da shakazoba huɗu, da robobin birki da bututansu. Bayan sallar da ta wuce na hau Hawan Kibo da ita, mu bakwai da kayanmu, a giya ta uku, allurar zafi ba ta wuce tsakiya ba. A dawowa, wajen gangarowa, na sa ta a giya ta biyu na bar inji yana riƙe ta, duk da haka da muka sauka ƙasa na ji ƙaurin birkin gaba. Na koma wurin Baba na faɗa masa, ya shiga ƙarƙashinta da tocila, ya daɗe, sannan ya leƙo ya ce in miƙo masa sifana mai lamba 13, bawul ɗin nan na baya ne bai taɓa motsi ba.